Daga Romon Ƙafar Sa Zuwa Taurarin Da Yara Ke Yankawa



Duk wanda ya halarci walimar yaye ɗalibai ko bikin zagayowar ranar haihuwar yaro a 'yan shekarun nan, wataƙila ya ga wani abu a kan tire kusa da kek: 'yan taurari da zukata da kifaye, ja da kore da ruwan ɗorawa, garai-garai kamar gilashi, da an taɓa tiren sai su kama rawa. Yaro zai ɗauka da hannu ya yi ta jujjuya shi, bai fashe ba, bai zube ba, sai ya gaji da wasa sannan ya kai baki. Masu yin sa suna ce masa jeli. Da yawanmu kallon sabon yayi muke yi masa, irin wanda aka kwaso daga bidiyon girki. Amma abin yana da dogon tarihi, kuma farkon tarihin yana cikin tukunyar da kowannenmu ya sani.

Mu tuna farfesun ƙafar sa ko na ganda da ya kwana a lokacin hunturu. Da safe idan an buɗe tukunyar, akwai farin kitse a sama, a ƙarƙashinsa kuma romon ya daskare, ana iya yankarsa da cokali. Wannan daskararren romon shi ne jelatin. A cikin fata da jijiya da guringuntsi da ƙashi akwai wani sinadari mai kama da igiya, ana kiransa kolajin. Doguwar dahuwa takan warware tufkar igiyar, zaruruwan su bazu cikin ruwa. Da ruwan ya huce sai su sake sarƙewa kamar komar masunci, su riƙe ruwan a tsakaninsu. Da an ɗora a wuta kuma sai komar ta kwance. Ba ya ma buƙatar wuta sosai, domin zafin da ke narkar da shi bai kai zafin jikin mutum ba, shi ya sa yake narkewa a kan harshe. Mu riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Masu girki sun daɗe da gane wannan. A littafin girkin da Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara a Bagadaza a ƙarni na 10 akwai wani abinci mai suna ƙaris, kifi ne da ake dafawa a bar romonsa ya daskare a kansa a ci da sanyi. Littafin da masu dafa wa Sarki Richard na Biyu na Ingila abinci suka rubuta wajen 1390 shi ma yana da jelin nama da na kifi. To amma tsakanin romon da ya daskare da kansa da jelin da za a ajiye gaban sarki akwai aiki ja. Sai an tafasa ƙafafun maraƙi awanni masu yawa, a bari ya huce a kwashe kitse, a sake ɗorawa a zuba farin ƙwai domin ya tattara dattin, a tace ta cikin jakar ƙyalle, idan bai yi haske ba a sake tacewa, sannan a sa sukari da kayan ƙamshi, a zuba a mazubin tagulla mai ado, a nemi wuri mai sanyi. Wuni guda yakan tafi, wani lokaci har da na biyu. Wasu kan yi da ƙahon barewa, wasu da wata jaka da ke cikin wani babban kifi na ƙasar Rasha. Saboda haka a Turai ta wancan zamani, ganin jeli a teburin mutum shaida ce cewa a bayan gidansa akwai barori da suka wuni a gaban murhu. Ba ƙoshi ake nema da shi ba, nuna isa ne.

Sai kuma aka zo zamanin da aka ɗauka wannan abincin masu isa zai iya kashe yunwar talaka. A 1679 wani Bafaranshe mazaunin Landan, Denis Papin, ya ƙera tukunya mai murfin da ake ɗaurewa tam, wadda tururi ke matsuwa a ciki har ƙashi ya yi laushi. Ita ce kakar tukunyar matsin tururi da wasunmu ke dafa wake da ita yau. A 1682 ya shirya wa manyan masanan Landan liyafar da aka dafa komai a cikinta, har da jelin ƙashin sa. Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne: ga ƙasusuwa ana zubarwa a mahauta, ga matalauta ba su da kuɗin nama, me zai hana a tatso abincin da ke cikin ƙashin? A farkon ƙarni na 19, bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, wani masanin haɗa sinadarai mai suna d'Arcet ya ɗauki maganar da gaske, aka kafa injinan tururi a asibitocin Faris ana dafa wa marasa lafiya romon ƙashi. Marasa lafiyar ba su so shi ba, likitoci ma suka fara shakka. Majalisar masana kimiyya ta Faransa ta kafa kwamiti, aka shafe shekara 10 ana gwaji a kan karnuka, a 1841 François Magendie ya gabatar da rahoto: karen da aka tsare a kan jelatin kaɗai ramewa yake yi, har ya gwammace yunwa da ci gaba da cin sa. Sai daga baya aka gano dalili, wato jelatin ba shi da ɗaya daga cikin sinadaran gina jiki da ɗan Adam ba ya rayuwa sai da su. Daga nan batun ciyar da talaka ya mutu, jelatin ya koma inda ya fito, wajen kayan marmari.

Abin da ya sauke shi daga teburin attajirai zuwa na kowa ya faru ne a jihar New York ta Amurka, kuma ba a hannun masu girki ba. A 1845 Peter Cooper, mai masana'antar gam, ya yi rajistar wani garin jelatin da ruwan zafi kawai yake buƙata. Ba abin mamaki ba ne mai gam ya faɗo cikin harkar, domin gam ɗin kafintocin da da jelatin uwa ɗaya uba ɗaya suke, tacewa ce ta raba su. Cooper bai mai da hankali a kai ba, yana da harkokin ƙarfe da jirgin ƙasa da suka fi kawo kuɗi. Wajen 1890 Charles Knox na garin Johnstown ya fara sayar da jelatin ɗan gari marar ɗanɗano, bayan ya ga irin wahalar da matarsa Rose ke sha a kicin. Wannan matar ta cancanci makala tata ita kaɗai. Da mijin ya rasu a 1908 ita ta karɓi kamfanin, ta rufe ƙofar baya ta ce kowane ma'aikaci ta ƙofar gaba zai riƙa shiga, a 1913 ta mai da aiki kwana 5 a mako tare da hutun mako 2 da albashi, ta ci gaba da jan ragamar har 1947.

Sunan da ya fi shahara kuwa daga wani ƙaramin gari ya fito, LeRoy. A 1897 wani kafinta mai haɗa maganin tari a gefe, Pearle Wait, ya gauraya garin jelatin da sukari da launi da ɗanɗanon 'ya'yan itace iri 4, matarsa May ta raɗa masa suna Jell-O. Ya yi ta yawo gida-gida bai samu kasuwa ba. A 1899 ya sayar wa maƙwabcinsa Orator Woodward da dabarar da sunan baki ɗaya a kan dala 450. Shi ma Woodward da farko kaya suka yi masa kwantai, har ana ba da labarin cewa wata rana takaici ya sa ya yi wa shugaban ma'aikatansa tayin kamfanin a kan dala 35, mutumin ya ce a kai kasuwa.

Matsalar ita ce matan gida ba su san me za su yi da garin ba. Sai Woodward ya koma koya musu. A 1902 ya sayi fili a mujallar mata ta Ladies' Home Journal yana kiran kayansa abin zaƙin da ya fi kowane shahara a Amurka, alhali a lokacin ba wanda ya san shi. Sannan ya tura 'yan talla sanye da kwat a kekunan doki masu ƙyalli, su shiga gari su raba ƙananan littattafan girki kyauta a kowace ƙofa, su wuce wajen mai kanti su ce masa gobe mata za su zo neman wannan kaya, gara ya ajiye. Haka kuwa ake yi. Zuwa 1906 cinikin shekara ya kai kusan dala miliyan 1. A 1925, da aka haɗe kamfanin da Postum, wanda daga baya ya zama General Foods, darajar abin da kafinta ya sayar dala 450 ta haura dala miliyan 60.

Abu na biyu da ya ɗaga shi shi ne firij. Tunda jelatin ba ya kamewa sai da sanyi, a shekarun 1930 zuwa 1950 kawo jeli wajen taron coci ko na maƙwabta wata hanya ce ta sanar da jama'a cewa an sayi firij a gidan. Tsohon nuna isar nan ne ya dawo da sabuwar riga. A wannan zamanin ne Amurkawa suka yi abin da jikokinsu ke yi musu dariya a kai yanzu: suka riƙa daskarar da kabeji da karas da zaitun, har da kifin gwangwani, a cikin jeli mai ɗanɗanon lemun tsami suna kiransa salak. Kamfanin har jeli mai ɗanɗanon tumatir da na ganyaye ya fitar. Mu da muke cin ganda da yaji ba mu da bakin yi musu dariya sosai, amma dai kifi a cikin jelin zaƙi sai su.

Daga ƙarshen shekarun 1960 kasuwa ta fara ja da baya, ta kuma yi ta ja har kusan shekara 20. Mata sun fita aiki, iyalai sun ƙanƙance, kantuna sun cika da kayan zaƙin da buɗewa kawai za a yi a ci. Wa zai tsaya tafasa ruwa ya jira awa 4? Ga shi kuma jeli ya yi suna a matsayin abincin asibiti da na tsofaffi. A tsakiyar shekarun 1980 binciken kamfanin da kansa ya nuna cewa iyaye mata masu ƙananan yara, waɗanda su ne ƙashin bayan cinikin a da, sun kusa daina saye.

A nan ne taurarin da muka fara da su suka shigo. Ma'aikatan sashen talla suka koma cikin tsofaffin girke-girke suna lalube, suka ci karo da wani da matan gida suka daɗe suna yi wa 'ya'yansu suna kuma rubuta wa juna a takarda: jelin da aka rage wa ruwa sosai har ya yi tauri, ana yanka shi murabba'i a ɗauka da yatsu. Kamfanin Knox ma ya riga ya yaɗa irinsa da sunan Knox Blox, inda ake ƙara garin jelatin marar ɗanɗano a kan mai ɗanɗanon. Cikin waɗanda suka jagoranci aikin a General Foods har da Dana Gioia, wanda da rana manajan talla ne, da dare kuma marubucin waƙoƙi, daga baya ma ya shugabanci hukumar tallafa wa fasaha ta gwamnatin Amurka. A 1990 aka fito da abin da sunan Jigglers, wato masu rawa, aka cika talabijin da tallan yara suna wasa da shi, aka riƙa raba 'yan robobin yanka masu siffar haruffa da dabbobi, da mazubi mai siffar ƙwai na bikin Ista. Ciniki ya farfaɗo.

Yanzu mu duba lissafin, domin a nan wayon yake. Jeli na yau da kullum fakiti 1 ne mai giram 85 a kofi 2 na ruwa. Na yankawa kuwa fakiti 4 ake juyewa a kofi 2 da rabi na tafasasshen ruwa, ba a ƙara na sanyi, a juya har garin ya narke sarai, a zuba a faffaɗan tire, a sa a firij awa 3, a tsoma gindin tiren a ruwan ɗumi na daƙiƙa 15 domin ya saki, sannan a miƙa wa yara abin yanka. Fakiti 4 a ƙa'ida kofi 8 na ruwa suke sha. Ke nan an ninka kaurin fiye da sau 3, zaruruwan komar nan sun yi yawa sun matsu, shi ya sa yake jure hannun yaro. Ke nan kuma uwar da a da take sayen fakiti 1, yanzu 4 za ta saya a zama ɗaya, kuma mafi yawan abin da ke cikin kowane fakiti sukari ne.

A ganinmu ba daidai ba ne a ce yaudara ce zalla. Abin da kamfanin ya gane gaskiya ne, kuma duk wadda ta taɓa murza tuwon madara yara na kewaye da ita suna roƙon a bar su su fitar da fulawa da zuciya ta san shi: yaro ya fi son abin da hannunsa ya taɓa. An daina sayar wa uwa abin da za ta kai tebur, an koma sayar mata da abin da za ta zauna ta yi da ɗanta. Sai dai kada mu manta dabarar ta matan gida ce tun asali. Kamfani suna ya sa mata, ya kuma zaɓi sigar da ta fi cin fakiti.

A Jamus an bi wata hanyar daban zuwa wuri ɗaya. Hans Riegel na birnin Bonn, wanda ya kafa Haribo a 1920, ya fara ƙera alawa mai danƙo a siffar dabbar beyar a 1922. Da ƙaro aka fara yin irin wannan alawar kafin jelatin ya karɓe wurin, ƙaron nan dai da ake tsinka a Borno da Yobe da Jigawa da Chadi da Sudan.

To ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Kakanninmu sun san ƙafar dabbar da suka sa a tukunya. Wanda ya sayi fakiti bai sani ba. Jelatin na masana'anta daga ragowar mahauta ake yin sa, kuma kaso mafi girma na wanda ake samarwa a duniya daga fatar alade yake fitowa, sai fatar shanu, sai ƙashi, sai ɗan kaɗan daga kifi. Sau da yawa kalmar jelatin kawai za a gani a bayan kwali, ba a faɗi dabbar ba. Malamai sun yi saɓani a kai. A 1995 wani taron malamai da likitoci a Kuwait ya tafi a kan cewa sarrafawar ta canza ainihin abin, abin da fiƙihu ke kira istihala, don haka ya halatta. Hukumomin tantance halal na Malesiya da Indonesiya ba su karɓi wannan ba, hujjarsu kuwa ita ce kolajin warwarewa kawai ya yi, bai zama wani abu daban ba. Ko na shanun ma akwai tambayar yadda aka yanka su. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da tarihi ya nuna shi ne kasuwa ta ji koken: akwai jelatin na shanu mai shaidar halal, akwai na kifi, Haribo ma tana da masana'anta a Turkiyya da ke aiki da na shanu. Karanta bayan fakiti ba ya cin minti ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce wadda muka ce a riƙe. Abin da ke narkewa a ƙasa da zafin jiki ba zai yi arziki a tsakar gida a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, balle an ɗauke wuta tun asuba. Taurarin kan koma ruwan kala kafin baƙi su gama zama. Wannan matsalar ta taɓa damun wasu mutanen da ba ruwansu da biki. A 1881 likita Walther Hesse, wanda ya yi aiki da Robert Koch a Jamus, yana renon ƙwayoyin cuta a kan jelatin, zafin bazara yana narkar masa da aiki. Matarsa Fanny ta gaya masa cewa nata jelin ba ya narkewa, domin da agar take yi, dabarar da ta koya tun tana yarinya a New York wajen maƙwabtan da suka taɓa zama a tsibirin Java. Koch ya ambaci agar a rubutunsa na 1882 kan ƙwayar tarin fuka, bai ambaci sunanta ba. Har yau a kan agar ake renon ƙwayoyin cuta a ɗakunan gwaji, har da na asibitocinmu.

Agar daga ciyawar teku ake samun sa. Japanawa suna ce masa kanten, suna kuma ba da labarin cewa wani mai masauki a yankin Kyoto ne ya gano shi a ƙarni na 17, bayan ya zubar da ragowar jelin ciyawar a waje cikin daren sanyi, ya ƙanƙare ya bushe. Sai an tafasa shi yake narkewa, yana kamewa tun yana da ɗumi ba tare da firij ba, kuma ba ya sake narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85. Shi ya sa a Malesiya da Indonesiya da shi ake yi wa yara jelin yankawa, da madarar kwakwa, hawa-hawa masu launi. Babu dabba a cikinsa, don haka tambayar alade ba ta taso ba. Yana kuma karɓar ɗanyar abarba da gwanda, waɗanda jelatin ba ya shiri da su: sinadarin da ke sa ganyen gwanda ya tausasa nama shi ne yake tsinka zaruruwan jelatin ya hana shi kamewa, sai an dafa 'ya'yan itacen tukuna.

Amma agar ba ya rawa kamar jelatin, karyewa yake yi, kuma ba ya narkewa a baki, sai an tauna. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne idan ana maganar ƙananan yara. A 2001 da 2002 hukumomi a Amurka da Tarayyar Turai sun hana sayar da wasu 'yan jeli masu tauri da ake zuƙa daga ƙananan kofunan roba, waɗanda aka yi da garin wata saiwa mai suna konjak, bayan sun maƙale wa yara a maƙogwaro har an rasa rayuka. Ba agar ba ne, ba kuma jelatin ba ne, amma abin da ya jawo haɗarin shi ne tauri da santsi da girman da ya yi daidai da maƙogwaron yaro. Don haka idan tauraron na ɗan shekara 2 ko 3 ne, bayan ya gama yankawa da wasansa, a sake daddatsa masa ƙanana, ya ci a zaune, babba na kusa.